Ranar da Bahon Alhaji Ya Yi Kumfa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fita takaba ba, ko da zan manta sunana. (Rubuta yadda na faɗa, Zainabu, kada ki gyara wa uwarki magana.)

Marigayi Alhaji, Allah ya haskaka kabarinsa, mai gyaran wuta ne a nan unguwar Misfala, a ƙasa mai tsarki. Da gwiwoyina suka fara ciwo, sai ya girka mini babban baho a banɗaki, da hita, da injin da ke motsa ruwa yana tausa jiki. Ya farke wani tsohon rimot, ya cusa nasa wayoyin. Ina cikin ruwa, yana falo, sai in ƙwala masa kira, "Alhaji, ƙara zafi!" ya danna. Shekara uku ban taɓa riƙe rimot ɗin ba.

Maƙwabciyata Hajiya Rabi kuwa kullum cewa take, "Wannan tukunyar wata rana sai ta dafa ki." Maganar ta tsaya mini a wuya.

Ranar fitar takabar, mata sun cika falo, ana zuba gahawa ana cin dabino. Na miƙe ina rawar jiki na ce, "Ya Hajiya, yau za ki ga aikin mijina!" Na cika baho. Don ƙamshi ya tashi, na juye kwalbar sabulun ruwa gaba ɗaya. (Alhaji ya sha hana ni. Na ɗauka rowa ce.)

Na ɗauko rimot, na danna maɓalli na farko, inji ya ɗauka, mata suka yi guɗa. Wallahi har na fara taku kamar amarya! Sai kumfa ta taso. Ta wuce baho, ta wuce gwiwata, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta hau dardumar baƙi. Na danna nan, na danna can, inji sai ƙara ƙarfi yake. Rubutu ne a kan maɓallan, ni da ko alif ban sani ba. Ɗaya ne kawai na ƙi taɓawa, mai ƙwallon dabino manne a kai, don na ɗauka na haɗari ne.

Ban san lokacin da na ƙwala ba: "Alhaji, kashe!"

Na tsaya cikin kumfa ina kuka.

Hajiya Rabi ta tattare zane ta shigo, ta karɓi rimot, ta karanta. "Ke, ai mai ƙwallon dabinon nan ne na kashewa. Don ke ya manna, ya san ba kya karatu." Ta danna, inji ya yi shiru. Ta share kumfa daga gira ta ce, "Halas, shi ke nan, na janye maganata. Mijinki injiniya ne. Matarsa ce dai sai addu'a."

Yanzu duk Alhamis tana zuwa tsoma gwiwoyinta. Na koyi darasi: sabulu rabin murfi ya isa, kuma in mijinki ya hana ki abu, ki tambaye shi dalili tun yana falo.