Na'urar Korar Bunsuru

Komai zan manta a duniya, ban da hutun da na yi a gidan surukaina a Argungu. Lokacin ban daɗe da fara haɗa 'yan wayoyin lantarki da batura ba. A waya nake kallo ina koyo, a ɗakina a Badariya, kuma don na sa ƙwan fitila ɗaya ya yi haske sai na ɗauka na zama injiniya.

Inna, uwar mijina, tana turara shinkafa ta shanya a tsakar gida, wani bunsurun maƙwabta kuma ya hana ta sakat. Ni ko ina neman shiga, don har lokacin ana ce mini 'yar boko da ba ta iya komai ba. Na ce ta bar mini shi.

Na haɗa na'ura mai jin motsi da 'yar lasifika, na ɗauki muryata a ciki (da ƙarfi, har da tsaki). Na gwada da hannuna, ta yi, na kafa ta gefen shinkafar. Ban tsaya na tambayi kaina ko ta san bambancin mutum da dabba ba.

Ku sani, Baba, uban mijina, bai taɓa jin cikakkiyar muryata ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi ƙasa-ƙasa. Ranar ya dawo daga fadama, ya sunkuya ya ɗebi shinkafa zai gwada ko ta bushe. Sai kawai na'urar ta daka tsawa da muryata:

"Kai mai gemu! Marar kunya! Kullum sai ka ci?"

Ya ɗago, ta maimaita. Ya ja baya, ta ƙara. Na fito a guje zan cire batir (wanda na liƙe da gam, saboda ƙwarewa), ni ma ta zage ni. Inna ta toshe baki da zane, kafaɗunta na rawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Baba ya shafa gemunsa, bai dube ni ba, ya ce, "Ɗiyata, wanga abu naki shina aiki. Bari shi, kar ki ɓata."

Na fashe da kuka. Bunsurun kuwa ya zo da la'asar, ya sha zagi, ya ci ya ƙoshi.

Har yau ina haɗe-haɗena, Baba ma ke aiko mini da tsofaffin rediyoyi. Amma duk abin da zai yi magana da bakina, sallama nake fara koya masa.