Ranar Da Na Gano Cuta A Kindirmo

Lokacin sabuwar dawowata ne daga kwas a Kano, ina ta cika baki a ɗakin gwajin asibitinmu cewa ni ba ruwana da sa wa abin gwaji rini kafin in duba. Ɗigo ɗaya a gilashi, madubin likita ya gaya mini komai.

Wani dattijo makiyayi daga Beli, da na ce ya kawo fitsari, ya ajiye mini kwalba. Na ɗiga, na leƙa, sai ga ƙwayoyin cuta cunkus!

"Baba, fitsari fari fat haka? Sai Kano, yau ɗin nan!"

Ya yi salati, ya laluba aljihu. "Likita, ga fitsarin nan. Wancan kindirmo ne, tsarabarka."

Har yau, masu nono a kasuwar Rogo suna hango ni sai su buɗe ƙwarya: "Likita, duba mana, ya jikin nasa?"