Kurkunun da Na Ƙirƙiro wa Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wanzamin garinmu Araba ya sa ƙarfensa a wuta saboda ni ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta.

Shekarun nan ne da Nasara suka fara zama a Sakkwato, maza na ta gardamar inda iyakarmu da Faransa ta tsaya. Ni tawa damuwar ba ta wuce mara ba. Sau biyu ina ɓari, na uku ya kai wata huɗu sai na ga jini. Gwaggo Tumba ungozoma ta duba ni, ta yanke hukunci: ba daka, ba rijiya, ba firgita, in kwanta sai yadda Allah ya yi. Maigidana kuwa ya tafi garin Tawa da kayan goro. Aka bar ni daga ni sai gadon kara sai tsoro. Ko atishawa ta taso mini, sai na dafe ciki na yi salati kafin in sake ta.

Matsalar ita ce 'yan dubiya. Mace ba ta buɗa baki a gidan surukai ta ce tana da ciki, balle ni da nake tsoron bakin mutane. Ga shi ni ɗiyar malami ce, matan unguwa a wurina suke ɗaukar karatu, dole su tambayi abin da ya kwantar da malamarsu. Sai na ce kurkunu ne. Na naɗe ƙafa da tsumma. (Hukuncin ƙarya na karanta shi, na kuma karantar da shi. Na dai ɗauka akwai rangwame a cikin sharhi.)

Wata safiya Inna, uwar mijina, ta ƙura wa tsumman ido ta ce, "Jiya ba ga ta hagu yake ba?"

Na ce, "Yawo yake yi, Inna."

Ta ce, "Allah shi tsai da shi wuri guda." Ta fita kafaɗunta na rawa. Har na tausaya mata, na zaci kuka take.

Baba, surukina, shi ne bai san komai ba, kuma mutum ne da ba ya ganin ciwo ya zauna. Wata Laraba da hantsi na ji sallamarsa a bayan asabari, tare da Sarkin Aska, Baba yana ta faɗa: "Wata guda ɗiyar mutane na kwance! A yi mata sakiya a huta." Ɗalibaina suka cika tsakar gida, ƙamshin gawayi ya shigo ɗaki.

Wanzami ya durƙusa ya ce, "Wace ƙahwa ta, ɗiyata? Ƙara guda za ki yi, in kin suma mu yayyahwa maki ruwa."

Suma! Ni da aka hana firgita. Gudu ba hali, an hana ni tashi. Na dubi Inna, na tarar ta duƙufa tana nazarin rufin ɗaki. Na ce ai ya yi sauƙi. Na ce malamai sun karhanta ƙuna da wuta. Ya ce, "Malama, ni aska nig gada, ba littahi ba." Ƙarfe ya yi ja.

Na cusa fuska a matashi na ce, "Ba kurkunu ba ne."

Baba daga waje, da yake kunnensa ya yi nauyi, ya ce, "Mi tac ce?"

"Ciki gare ni, Baba!"

Ina jin har garin Kwanni an ji. Sai na ji ƙarar takalman Baba suna neman zaure da saurin da ban san yana da shi ba. Wanzami ya tsoma ƙarfe a ruwa, ya ce, "To, wanga kurkunu ba a yi mai sakiya. In ya hito, a kira ni ran suna."

Inna ta share hawayen dariya ta ce, "Tun kina wata biyu ni sani. So nike in ga iyakar karatun."

Daga ranar matan suka riƙa zama a bakin gadona suna kaɗi. Ashe kusan kowacce ta taɓa rasa nata, wata sau huɗu, ga ta kuma da 'ya'ya cike da ɗaki. Tsoron bai tafi ba, amma ya sami abokan hira. Bayan wata huɗu na haihu, aka kira Sarkin Aska, ya yi wa yarinya aski.

Abin da na koya: in kunya ta tilasta miki ƙarya, ki zaɓi ciwon da ba mai maganinsa a nan kusa.