Ta'aziyyar da Ta Makara da Shekara Ɗari Biyar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwaso Inna daga Lajawa zuwa zaman makoki a jami'a ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a Wudil, ba ni da burin da ya wuce wata tsohuwar malama Baturiya, 'yar Italiya, ta yarda ta duba aikina na kammala karatu. Ɗalibai kaɗan take ɗauka, ni kuwa makina ba na nunawa ba ne.

Wata Laraba na leƙa babban ɗakin taro, na tarar da ita cikin baƙaƙen kaya tana goge wani ƙaton hoton mace, ga furanni a gabansa, ga kujeru an jera. Na tambaye ta ko wace ce. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce shekara talatin ta yi tare da matar nan, gobe kuma za a taru dominta. Ƙawata Rifkatu ta taɓa gaya min haka suke tuna mamaci a cocinsu, saboda haka nan take na yanke cewa mahaifiyar malamar ce ta rasu. (Akwai rubutu a ƙasan hoton. Ban karanta ba, sauri nake in riga kowa nuna tausayi.)

Washegari muka iso da Inna da maƙwabtanta biyu, da kwanon dambu. Ɗakin ya cika da malamai da ɗalibai, bango duk zane-zane. Inna ta ajiye takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa gaban malamar, ta fara jero "ya haƙuri", ni ina fassarawa har da share hawaye.

Malamar ta dube mu, ta dubi hoton. A hankali ta bayyana cewa baje kolin zane ne a kan wata basarakiya ta ƙasarsu, mai faɗa a ji, wadda ta riƙa ɗaukar nauyin masu zane. Shekara talatin ta yi tana bincike a kanta, matar kuwa ta kai shekara ɗari biyar da rasuwa. Dariya ta ɓarke. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma dole ni ɗin ce zan fassara wa Inna.

Inna ko gezau. Ta gyara mayafi ta ce, "To, ai gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Ki ce mata Allah ya ba da haƙuri. Kuma mace mai ciyar da masu sana'a ta cancanci a zo mata."

Malamar ta riƙe hannunta, ta zagaya da ita hoto bayan hoto, daga baya suka zauna suka ci dambun tare. Malamar ta ɗauke ni cikin ɗalibanta, amma ta gaya min ƙiri-ƙiri albarkacin Inna na ci.

Yau Inna ba ta duniya, kuma ina kewar ranar nan fiye da yadda nake jin kunyarta. Sai dai tun daga lokacin, ba na yi wa kowa kuka sai na karanta abin da aka rubuta a ƙasan hotonsa.