Man Yumɓun MaShezi

Allah ya yi wa unguwarmu ta Umlazi baiwa, ya ba mu MaShezi. Wasu unguwannin sai sun hau mota kafin su ga likita, mu kuwa tamu tana nan bayan katanga tana shanya zannuwa. Farfesar Fata ke nan, Gimbiyar Ƙyalli, wadda in ta dube ka sau ɗaya ta san abin da ke damun goshinka tun daga kakanka.

Iliminta ba na wasa ba ne. Ta taɓa aiki a gidan gyaran jiki na masu hali a Umhlanga, inda take naɗe tawul. Ba ta daɗe ba aka sallame ta, amma ta dawo da farar riga da sabon hanci. Tun daga ranar, in ta ga matan kasuwa sun shafe fuska da jan yumɓu don tare rana, sai ta taɓe baki.

"Ku dube su, kamar tukwanen da ba a gasa ba. Yumɓu ilimi gare shi, 'yan'uwa. Ba kwaɓawa da ruwan famfo ba ne."

A wajen waɗannan matan ta sayo nata yumɓun, ta biyo ta bayan layi da shi a ƙasan jaka. Da ya shigo gidanta sai ya zama na Faransa.

Ana gobe dangin ango za su kawo wa 'yarta Sinenhlanhla kayan gaisuwar iyaye, ta tara mu a kicin mu ga abin al'ajabi. Ta ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, ta zuba man kwakwa da man zurma, ta tankaɗe yumɓu da rariyar garin masara. Sai ta ɗauko kakin zuma, curi guda kamar bulo.

"A Umhlanga ɗan cokali suke sawa, don rowa ta yi musu yawa. Ni 'yar gidan Shezi ce, ba na auna alheri."

Ta jefa shi duka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wa zai faɗa wa Farfesa? Ta juya, ta ɗura a kwalabe, ta ce a shafa a fuska, a murza, a goge da tsumma mai ɗumi, datti ya bi shi, tsohuwa ta koma budurwa. Ta nufi amarya da kwalba, yarinya ta ja da baya.

"Mama, ki yi wa Allah ki bar min fuskata zuwa jibi."

"Shi ke nan. Gobe in an kasa gane wace ce amarya tsakanina da ke, kada ki yi kuka."

Da safe Gimbiya ta lafta wa fuskarta man, tun daga goshi har wuya, har bayan kunne. Ta zauna ta ba shi lokaci ya yi aiki. Ya kuwa yi. Ya daskare ƙam. Ta ce a dafa ruwa, aka ce an ɗauke wuta, murhunan tsakar gida kuma duk nama ne a kai. Ta sa ruwan sanyi, ruwa ya gangare kamar a bayan agwagwa. Ta dirza da tawul, sai fuska ta ƙara sheƙi. Ana cikin haka waƙar dangin ango ta tashi a bakin ƙofa.

Mijinta, Baba Mdletshe, direban motar haya ne da ya ga hatsari iri-iri, amma da ya leƙo ɗaki sai da ya dafa bango.

"MaShezi, wa ya ƙone ki?"

"Kai dai ka san taya da birki. Wannan shi ake kira shigar magani."

Haka ta fito, ja jawur, tana walƙiya, kai a sama. Aka zaunar da ita a tabarma tsakiyar fili domin surukai su lulluɓa mata sabon bargo su ɗaura mata ɗankwali. Rana ta buɗe. Kaki ya fara narkewa, yana ɗiga daga haɓa zuwa bargon mutane.

A wajenmu kuwa, wanda ya shafe jikinsa da jan yumɓu ranar taro, an san kakanni ne suka kira shi koyon bokanci. Wata tsohuwar gwaggon ango ta ƙura mata ido, ta zube a gwiwa, ta tafa hannu tana gaisuwar bokaye: "Makhosi! Ashe gidan masu duba muka zo. Uwa, ƙafar nan tawa ta hana ni barci, a taimaka."

Wannan fa MaShezi ce, mai zama a layin gaba a coci, mai gyara wa fasto karatu. Uwar ango, wadda ko ganyen shayi ba ta yarda da shi sai an yi masa addu'a, ta miƙe ta ce a kwashe barguna, ba a faɗa musu haka ba. Sinenhlanhla ta fashe da kuka. Sai da Baba Mdletshe ya ɗauko kwalbar, ya bi manyan ango ɗaya bayan ɗaya yana ba su suna shinshinawa, yana rantsuwa cewa matarsa ba boka ba ce, iyayi ne kawai ke damunta, sannan aka koma aka zauna.

Kun zaci ta saduda? Gwano ba ya jin warin jikinsa. Fuska ba ta gama komawa daidai ba ta kafa tebur a ƙofar gida ta jera kwalabe. Abin mamaki, mata suka yi ta saye. Har daga wasu unguwanni ake zuwa.

"Kun gani? Wanda ya san daraja shi ke neman zinariya. Umhlanga ta shiga uku."

Gaskiya ce, kayanta babu na biyunsu. Ka shafa da tsumma, ka murza da buroshi, ruwan sama ma ba ya wanke shi. Duk layinmu babu dakalin da ba ya sheƙi ja jawur, kuma Farfesa tana taka su kullum, hanci a sama, ba ta taɓa duban ƙasa ba.