Na'urar da Aka Hana Shara

Ranar Litinin na saka babbar rigata ta zuwa gaban manya, na tafi ban haƙuri wani ofishi. Da na shiga ban ga kujerar zama ba. Duk inda ka duba kwalaye ne jibge, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin matattakala. Gwiwa ta ce ba ta iyawa, sai na zauna a kan ɗaya. Ban gama sauke numfashi ba masinja ya taso kamar an taka masa wutsiya.

"Baba, tashi, tashi! Kan takardun hukuma kake zaune!"

Na ce, "Ɗana, yi haƙuri. Takardun me ne?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Amma an kusa sa musu hannu."

Abin da ya kai ni, 'yar ƙanwata ce. Auta muke ce mata har yau, ko da yake 'ya'yanta sun fara makaranta. Ita ke riƙe da gidanta tun da mijinta ya kwanta ciwon baya, ita ke riƙe da uwarta. An miƙa mata takardar tuhuma, an ce kwamiti zai zauna ya duba ko za a sallame ta daga aiki. Laifinta: shara.

Bari in yi muku bayani yadda ta yi mini, ni da ban wuce aji uku ba. Ofishin nan yana da shafin bincike. Mai neman takardar fili ko izinin buɗe shago zai rubuta sunansa a waya, a nuna masa teburin da fayil ɗinsa ya kwana. A bayan shafin akwai wata babbar na'ura a wani ɗaki mai sanyi, suna ce mata uwar garke. Wannan na'ura surutu gare ta kamar tsohuwa a bakin rijiya. Duk abin da ta yi sai ta rubuta layi: wane ya tambaya, na ba shi amsa, wance ta tambaya, na rasa, na yi tuntuɓe, na tashi. Wannan surutu shi suke kira log.

Auta ta ce, "Kawu, abin da na yi bai wuce aikin mai surfe ba. Na tattaro surutun wuri ɗaya. Na kafa masa rariya, tana ware lokaci gefe, tambaya gefe, kuskure gefe, don in abu ya lalace in san inda zan taɓa. Sannan na ce duk surutun da ya tsufa a share shi, don rumbun na'urar yana da iyaka."

Na ce, "To ina laifi? Gidan da ba a shara ai kunama ce mai gida."

Baki shi ke yanka wuya. A rahotonta ta rubuta cewa na'urar tana share tsofaffin bayanai da kanta. Rahoto a ofishin nan ba a saba karanta shi ba, ɗora kofin shayi ake yi a kai. Amma ranar an ɗauke wuta, waya ta mutu, Mai Taimaka wa Mai Girma Kan Harkokin Musamman ya rasa abin yi, ya karanta. Da gudu ya hau sama.

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Akwai doka tun zamanin keken rubutu cewa ba a yaga takardar hukuma sai an kai ta gaban Mai Girma, shugaban ofishin, ya gani, ya sa hannu. Sai aka yanke cewa kowane layi da na'ura ta rubuta takardar hukuma ce. Aka hana shara. Aka ce a riƙa buga surutun a takarda, a ɗaure, a kai sama, in an sa hannu sannan a share. Kwalayen da na zauna a kai ke nan.

Auta ta yi ƙoƙarin faɗa musu cewa duk layin da aka buga, na'urar za ta rubuta sabon layi cewa an buga. In aka share kuma, ta rubuta cewa an share. Mai Taimakawa ya ce madalla, shi ma wannan a buga.

Maƙwabcina tela, wanda takardar shagonsa take can ciki tun bara, da na ba shi labari sai ya ajiye almakashi. "Malam, kana nufin tambayar da nake yi kullum safe tana cikin kwali?"

Na ce, "Tana ciki, an ɗaure ta da zare ja."

"To amsar fa?"

"Ita ba ta samu kwali ba tukuna."

Da aka shigar da ni gaban Mai Girma, na cire takalmi, na rusuna. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mutum ne mai fara'a, Allah ya sani. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ɓarna ta yi ba. An ce rumbun ne zai cika."

Ya ce, "Baba, ai cikar rumbu albarka ce. A ina ka taɓa jin an yi kuka don rumbu ya cika?"

"Ranka ya daɗe, in da hatsi ya cika. Wannan ƙaiƙayi ne."

"Ƙaiƙayin hukuma," in ji shi, yana ɗaga yatsa. Mai Taimakawa ya yi maza ya rubuta maganar. Aka rako ni har bakin ƙofa da girmamawa, aka ce in gaida gida.

Daga nan Auta ta koma ɗakinta mai sanyi tana kallon ma'aunin rumbu yana hawa kamar ruwa a damina. Ta rubuta wasiƙar gargaɗi, aka ce wanda ake tuhuma ba ya gargaɗi. Ta roƙi a ƙara rumbu, aka ce sai kwamiti ya gama da ita. Hannunta yana kan abin da zai ceci na'urar cikin ƙiftawar ido, amma ta san in ta taɓa, laifinta ya zama biyu. Ta tuna maganin mijinta, ta naɗe hannu. Da safiyar ranar zaman kwamiti ma'aunin ya kai maƙura. Uwar garke ta yi shiru. Shafin bincike ya zama fari fat kamar likkafani.

Ta shiga gaban kwamiti, a ganinta ana kukan targaɗe ne ga karaya ta zo. Shugaban kwamiti, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya ce a kawo rahoton na'ura na yau. Aka kawo takarda guda, babu komai a kanta sai kan rubutu.

"Kuskure nawa ta yi yau?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Amma..."

"Ta share wani abu?"

"A'a. Ai ba za ta iya ba, saboda..."

"Mutum nawa suka nemi fayil ta ce musu babu?"

"Babu wanda ta ce wa komai. Ranka ya daɗe, na'urar a mace take."

Sakatariyar kwamiti ta taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ta ce a hankali, "Ke ƙanwata, ana ba ki kina roƙo?"

Shugaba ya cire tabarau, ya dubi 'yan'uwansa. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin sashen da ya wuni ba kuskure, ba ƙorafi, ba ɓarnar takarda ba. Ya ce wannan shaida ce cewa ma'aikaciyar ta ji gargaɗi, ta gyara halinta, ta kuma gyara na na'ura. Aka janye tuhuma. Aka ba ta takardar yabo mai hatimin zinariya. Aka kuma ba da shawarar ta zagaya sauran sassa ta koya musu yadda ta yi.

Da yamma ta zo gidan uwarta, ta ajiye takardar a kan tabarma, ta zauna ta rafka tagumi. Ta ce, "Kawu, gobe in na share kaɗan za ta tashi. Mutane na can suna ta danna waya."

Uwarta ta yi caraf ta ce, "Ahir ɗinki! Abin da ya mutu ya ba ki abinci, ki tashe shi ya hana ki? Yaya, ka yi mata magana."

Duka biyun suka zuba mini ido. Ni da na shekara saba'in ina faɗa wa yara gaskiya dokin ƙarfe ce, na buɗe baki, na laluba duk karin maganar da na gada, na rasa wadda ta dace da wurin. Sai na ce a miƙo mini buta.

Har yau na'urar tana kwance lafiya, rahoto yana fita fes kowace safiya. Ni dai na bar wa 'ya'yana wasiyya: ranar da suka ji na daina tari da mita, kada su yi gaggawar kuka. Su fara kai ni ofishin nan, a ba ni takardar yabona.