Ranar da na saki fishiye kiwo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tausayi ya tsinka ni a gaban mutanen Dakoro ba. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta makiyaya, don ni kaɗai na taɓa shiga lakwal (aji uku na yi, a na huɗu mushe, malaminmu, ya ce ilimin ya ishe ni, in koma gida).

Bara aka kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, a biro, ofishinmu ke nan, tare da wata Madam Rakiya daga Maraɗi, mai tsara yadda za mu sarrafa fishiye, wato takardu da muryoyin da ke ajiye cikin na'urar. Ganin mu masu dabbobi ne, sai ta zana wa kowane fishiye hoto uku a gefensa. Ka taɓa turke, ya ɗauru, ba mai canza shi. Ka taɓa rumbu, ya ɓuya. Ka taɓa saniya mai tafiya, ya tafi talhon kowane ɗan ƙungiya.

"Baba, in sake bayani?"

"Ɗiyata, ni da na yi lakwal tun ba a haifi uwarki ba?"

Gaskiyar magana, bayanin saniyar ya wuce ni, ina can ina laluben tabarau.

To, a lokacin perfe, shugaban gundumarmu, zai kawo mana ziyara, kuma ni aka ba jawabin maraba da faransanci. Shekara ashirin ina jiran wannan rana. Na kulle biro na ɗauki muryata ina gwaji, ragona Ɗan Baƙi yana tsaye a matsayin perfe. Na yi masa "Bonjur Mushe le Perfe", na tafa wa kaina, na kuma sake murya na amsa a madadinsa cewa bai taɓa ganin mai ilimi irina ba. Na taɓa turke, na tafi.

Bayan kwana uku na tarar da fishiyen nan yana nan a ɗaure. Wallahi zuciyata ta karye. A garin nan, wanda ya bar dabba kwana uku a turke ba kiwo, ai sai a yi da shi. Na taɓa saniya, na ce ya ɗan miƙe ƙafa ya dawo. Har azahar ina zaune ina jiran shi.

Ranar kasuwa ce. Ina shiga kara na ji muryata tana fitowa daga aljihun kowa, har na waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Daidai inda na ce "Sa ba, Mushe?", wato ina tambayar lafiyarsa, ragon ya amsa da kuka, kasuwa ta kwashe da dariya. Arɗo, abokin wasana, ya cire malafa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, perfen naka yana cin dusa, ko sai harawa?"

Na ruga na kira Madam. "Ɗiyata, a koro shi gida!"

"Baba, wanda ya fita ba ya dawowa."

"To wane irin kiwo ne wannan?"

Kwamiti ya karɓe jawabin ya ba wani da Hausa zalla, wai faransancina ya riga ya sami mai saurare. Madam kuwa ta ƙara tambaya kafin saniyar ta tafi: "Ka tabbata?" Sau biyu take fitowa, kuma kowa ya san don wa aka yi ta.

Ni dai na koyi abu guda a tsufana: kafin ka tausaya wa abu, fara dubawa ko yana da ciki.